Daga Damagaram Zuwa Jidda: Ta Yamai Ko Ta Kano?

Da zarar watan Rajab ya kama, maganar Umrar azumi ta shiga bakin mutane a Kasuwar Dole. Wanda wakensa ya yi kuɗi bana, da wanda ɗansa ya aiko masa daga ƙasar waje, da tsohuwar da ta kwashi adashin da ta shekara uku tana zubi, kowa tambayarsa ɗaya ce in ya samu wanda ya taɓa tafiya: ta ina zan tashi, Yamai ko Kano? Ni na bi duka biyun. Sau ɗaya na raka mahaifiyata ta Yamai, sau ɗaya na tafi ni kaɗai ta Kano, tun daga nan kuma ban rasa mai zuwa rumfata neman shawara ba. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan, da lissafinsa.

In aka ja zare miƙe a kan taswira daga Damagaram zuwa Jidda, kilomita wajen 3,300 ne. Daga Kano wajen 3,400. Daga Yamai wajen 4,000. Wato mu nan mun ɗan fi Kanawa kusa da Ɗakin Allah, mun kuma fi mutanen Yamai kusa da shi da kilomita 700. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, don haka da akwai wanda ke tashi kowane mako daga filin jirginmu zuwa Jidda, da mutum ya yi sallar asuba a Birni, ya yi la'asar a Harami, magana ta ƙare. To babu shi. Dole sai ka fara da tafiyar ƙasa zuwa inda jirgi yake, a nan ne kuma hanya ta rabu biyu.

Kano tana kudu da mu, kilomita wajen 240 a mota: Takeita, Kance, Matamaye, iyakar Ɗan Barto da Kongolam, Daura, Kazaure, sai Kano. Akwai kuma masu bi ta Magarya. Yamai tana yamma, kilomita wajen 890 a kan babbar hanya ta ɗaya. Ka lura da kalmar nan, yamma. Alƙibla tana gabas, kai kuma za ka juya mata baya ka yi yini guda kana nisanta da ita, sa'annan jirgi ya ɗauko ka ya maido ka ta saman ƙasar da ka baro. In ka tara, ta Kano tafiyar duka kilomita 3,640 ce, ta Yamai 4,890, in har jirgin bai ratse ko'ina ba. Bambancin 1,250 ke nan a zuwa, 2,500 zuwa da dawowa.

Wannan lissafin ban san nauyinsa ba sai da na gan shi a ƙafafun mahaifiyata. Mun shiga kar, wato babbar motar fasinja, tun kafin kiran assalatu. Tasawa ta wuce, Maraɗi ta wuce, tana ta jan carbinta cikin nishaɗi. Daga Madawa ta fara gyara zama. A Birnin Ƙwanni, da aka tsaya sallah da cin abinci, ta sauko ta ga takalminta ya ƙi shiga, ƙafa ta kumbura ta yi sumul kamar an hura. Na nemo ruwa a buta na zuba mata, na sa ta miƙe ƙafar a kan jakarmu, ga Dogon Dutsi da Doso duk suna gaba. Ba mu shiga Yamai ba sai bayan isha, awa goma sha huɗu da wani abu. Kwana biyu muka yi a gidan ɗan ƙanenta kafin kumburin ya saɓe. Ranar tashi, jirginmu na Adis Ababa ne. Bayan kamar awa guda a sama na duba ɗan allon da ke bayan kujera, sai ga sunan garinmu a gefen hoton jirgin. Miƙaƙƙen layin Yamai zuwa Adis Ababa kusan ta kan Magarya yake bi. Na taɓa ta na ce, "Inna, ga gida can ƙasa." Ta leƙa taga, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ɗan nan, duk wahalar shekaranjiya ta awa ɗaya ce ke nan?" Na ce mata haka ne. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kakana da ƙafa ya tafi."

Gaskiyarta. Mutanen da ta Barno suke bi, su ratsa Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su samu guzuri, su ci gaba har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'annan su shiga jirgin ruwa. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani bai dawo ba, shi ya sa har yau ake jin Hausa a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno. Amma haƙurin kakanni ba hujja ba ne na ɗora wa tsohuwa wahalar da za a iya kauce mata.

Kafin a ci gaba a cire Hajji daga wannan muhawara, don babu zaɓi a cikinsa. Saudiyya ƙasa-ƙasa take raba kujeru, a kan ƙa'idar kusan mutum ɗaya cikin kowane Musulmi dubu. Kujerar ɗan Nijar tana hannun hukumar COHO, mai shirya Hajji da Umra, da kamfanonin da ta amince da su, ta ɗan Najeriya tana hannun NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, da hukumomin alhazai na jihohi. Inda aka ce jirgin rukuninku zai tashi, nan za ka je. Duk wanda ya ce maka zai sama maka kujerar Hajji a Kano da sauƙi, ya yi maka fasfon Najeriya alhali kai haifaffen unguwar Zango ta Damagaram ne, ka gudu. Da yatsunka ake ɗaukar shaida yanzu, a can da nan, ƙarya kuma ba ta da daɗin zama harsashin ibada. Maganarmu ta Umra ce, da ziyara, da tafiyar kasuwanci ko ta asibiti, inda kai ne mai sayen tikitinka.

A Umra abin da ya fi nisan gari da gari muhimmanci shi ne ta inda jirgin zai ratse. Jiragen da suka saba zuwa filin Diori Hamani na Yamai, kowanne sai ya kai ka gidansa tukuna ka canza. Na Habasha zai kai ka Adis Ababa, kilomita wajen 4,000, daga nan Jidda 1,400, jimla 5,400. Na Turkiyya zai kai ka Istambul, shi ma wajen 4,000, sa'annan ya gangaro da kai kudu 2,400, jimla 6,400. Na Maroko ya fi kowa zagaye: Kasabalanka 2,400 can arewa maso yamma, daga nan 4,750 zuwa Jidda, ya haura 7,100. Ɗora 890 na mota a kan wannan na ƙarshe, za ka ga mutumin Damagaram ya yi kilomita 8,000 don isa wurin da ke 3,300 daga ƙofar gidansa. A lokacin azumi wasu kamfanonin Umra kan yi hayar jirgi na musamman ya tashi daga Yamai kai tsaye. In ka samu irinsa ka rage wahala ƙwarai, sai dai shi jirgin haya ranarsa kan motsa, ka tafi da shirin zama.

A filin Malam Aminu Kano kuwa, wanda shi ne mafi tsufa a Najeriya, jirgin sama na farko ya sauka a garin tun 1925, hanyar Jidda tsohuwar hanya ce mai ciniki. Kanawa ba sa rabuwa da Umra da fatauci a Saudiyya, shi ya sa samun jirgi mai miƙewa kai tsaye ya fi sauƙi a can, kilomita 3,400 ba saukowa. In ma na ratse ne, na Masar ta Alƙahira 3,100 ne da 1,200, jimla 4,300. Na Habasha daga Kano 3,300 da 1,400, jimla 4,700. Ka ga ko mafi zagayen waɗannan bai kai mafi gajartar masu ratse na Yamai ba. Jadawalin kamfanoni yana canzawa, wanda ke zuwa bana wataƙila baɗi ya daina, don haka a tabbatar da ranar da lambar jirgin kafin a biya. Amma taswira ba ta canzawa, ta kuma ba Kano gaskiya.

Akwai abu guda da ya taɓa hanyoyin biyu. Layin da ya miƙe daga ƙasar Hausa zuwa Jidda ta saman Cadi da Sudan yake bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar da ake yi cikin awa huɗu da rabi ko biyar daga Kano ta ƙara tsawo, kuɗin tikiti ya bi bayanta. Saboda haka kada ka raba 3,400 da gudun jirgi ka ce ka san lokacin sauka. Duba abin da aka rubuta a tikiti. Ka kuma tuna agogon Saudiyya ya sha gaban namu da awa biyu: in an rubuta tashi ƙarfe 10, sauka ƙarfe 5, awa biyar ce a sama, ba bakwai ba. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya, nan babu ruɗani.

To in Kano ta ci a nisa, me ya sa ban ce kowa ya bi ta can ba? Saboda tsakaninmu da ita akwai iyaka, iyaka kuma ba a auna ta da kilomita.

Mun gani da idonmu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa takunkumi, aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata. Mutane suna shige da fice, kasuwanni suna ci, dangi suna zumunci, don Daura da Damagaram ba yau suka san juna ba. Amma wanda ya sayi tikitin Kano wata biyu kafin tafiya ya jingina kuɗinsa ga abin da ba shi da iko a kai. Ɗan kasuwa mai buhu biyu na iya bi ta hanyar daji a kan babur in an rufe ƙofa. Mai zuwa filin jirgi ba zai iya ba, domin ma'aikacin shige da fice zai buɗe fasfonsa ya nemi hatimin shiga Najeriya. Wannan shi ne kuskuren da ƴan garinmu suka fi yi. Mun saba tsallakawa Mai'aduwa cin kasuwa ba wanda ya tambaye mu takarda, sai mutum ya wuce iyaka da fasfo a aljihu bai sa an buga masa ba. Ka sauka daga mota, a buga maka na fita a ɓangarenmu, a buga maka na shiga a nasu, ko da direba yana ta matsa maka oda. Haka kuma a dawowa.

Kilomita 240 ɗin ma ba tafiyar awa uku ba ce yadda lissafi zai nuna. Ni awa shida na yi. A wani shinge da ba zan iya tuna ko na nawa ba ne, aka sauke mu, aka zazzage jakata a bakin kwalta, haramina fari fes ya faɗi cikin ƙura. Mutumin da ke binciken ya ɗago shi, ya gane ko mene ne, sai jikinsa ya yi sanyi, ya kakkaɓe ya ninke da kansa, ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a." Na sa shi kuwa. Amma rabin awa ta tafi, kuma da Inna ce a motar nan, ƙaramar mota mutum huɗu a baya, ga rana, ga sauka da hawa, da ban yafe wa kaina ba. Kar ɗin Yamai doguwar tafiya ce, amma kujerarka taka ce kai kaɗai, kayanka suna ƙasa da lambarsu, katin ɗan ƙasa ya ishe ka a kowane shinge. Ta kowace hanya dai da rana ake tafiya, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, don sun fi rediyo sani.

Sai biza, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Bizar Umra yanzu ta intanet take fitowa, ta hannun kamfanin da ke da izini, yawanci a haɗe da masauki da motar da za ta ɗauke ka. Mai fasfon Nijar ya fi samun kwanciyar hankali in ya yi ta a hannun ajans, wato kamfanin tafiye-tafiye, da COHO ta sani, mai ofis da za ka iya komawa ka buga tebur in abu ya lalace. Tambayar da za ka yi musu tun farko ita ce: in na karɓi biza da masauki a wurinku, kun yarda in sayi tikitina in tashi daga Kano? Wasu za su yarda, wasu za su ce kunshin ba ya rabuwa. Wanda kuwa ya je Kano ya miƙa fasfonsa ga dillalin da ya haɗu da shi a bakin titi, in aka ba shi bizar da ba ta dace da tafiyarsa ba, ba shi da wurin kai kuka. A Nuwamban 2023 fasinjoji 177 da suka tashi daga Najeriya aka maido daga filin jirgin Jidda a kan batun biza, sun ga ƙasa mai tsarki ta taga, ba su taka Makka ba. Ka sa wanda ya iya karatu ya duba maka irin bizar, da sunanka harafi-harafi, da lambar fasfo. Fasfon kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin allurar shawara da ta sanƙarau, a yi su aƙalla kwana goma kafin tafiya, wannan ko ta ina za ka bi.

Kuɗi fa? Ba zan rubuta farashi ba, don kafin ka karanta ya canza. Ga dai yadda ake auna shi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya, riyal kuma a ɗaure da dalar Amurka, 3.75. Naira ce ke yawo tun da aka sake ta a Yunin 2023. Mai sefa a hannu sau da yawa in ya canza a Wapa, kasuwar canjin Kano, sai ya ga tikitin Kano ya yi masa araha, amma tikitin ƙasa da ƙasa da dala ake lissafa shi, farashin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lalle ya kai Alhamis ba. Ka ɗauki takarda ka raba ta biyu. Gefen Yamai: kar zuwa da dawowa, kuɗin kaya, kwana biyu ko uku na masauki da abinci da tasi, sai tikiti. Gefen Kano: mota, abin da hanya za ta ci, asarar canji sau biyu, masauki, sai tikiti. In bambancin bai wuce ƴan jikkuna ba, kada kuɗi ya yanke maka hukunci, bar wa jikinka da takardunka su yanke. Wanda ke da ɗan'uwa a Yamai da zai sauke shi, ko ɗiya da ke aure a Fagge, lissafinsa ya riga ya karkata.

Akwai hanya ta uku da ke gyara ta Yamai: jirgin cikin gida. Ta sama Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 750 ne, ƙaramin jirgi mai farfela yana yin ta cikin kamar awa biyu, ko fiye in ya biya ta wani gari. Awa goma sha huɗu ta koma biyu. Tsadarsa ta ninka ta kar sau da yawa, ba kullum yake tashi ba, kayan da yake ɗauka kuma bai kai na babban jirgi ba. Duk da haka, da zan sake raka Inna, da shi za mu tafi ko da zan sayar da rago biyu. Sharaɗi ɗaya: kada a haɗa shi rana ɗaya da babban jirgin. A bar kwana guda tsakani, ko biyu.

Wannan kwana gudan zai ƙara zama dole a shekarun nan saboda hazo. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2025 farkon Maris ya kama, daga nan sai cikin Fabrairu, kafin 2030 yana cikin Janairu, tsakiyar hunturu ke nan. Duk wanda ya san Kano ya san yadda ƙura kan rufe gari a Disamba da Janairu har jirgi ya kasa sauka, a ɗage tashi ko a soke. Yamai ma tana samun nata, filin jirginmu ma haka. Mai jirgi kai tsaye in an ɗage, jira kawai zai yi. Mai canji a Alƙahira ko Adis Ababa in ya makara, jirgi na biyu ya tafi ya bar shi. Maganinsa shi ne tikiti ɗaya tun daga farko har Jidda, a kamfani ɗaya, don in haka ne nauyin sake maka jirgi a kansu yake. Tikiti biyu daban-daban da dillali ya haɗa don ya rage maka kuɗi, in na farko ya makara na biyu ya ƙone.

Bari in daɗe kaɗan a kan harami, don shi ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali hanyar da ka zaɓa ita ke faɗa maka inda za ka ɗaura shi. Mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka, a sama zai ƙetare daidai miƙati: mai zuwa daga wajen Masar daidai Juhufa, mai zuwa daga kudu daidai Yalamlam. Wasu jiragen suna sanarwa, wasu ba sa yi. Malamai sun yi magana a kan ɗaura niyya a Jidda, ka tambayi naka kafin ka tashi, amma abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sa tufafin tun a filin jirgi na ƙarshe, su yi niyya in an kusa. Mai tashi kai tsaye daga Kano ya yi wankansa a masauki, ya ɗaura a natse, ya shiga jirgi. Mai canji a Adis Ababa a makewayin filin jirgi zai yi fama, ga layi, ga jaka a hannu. Garin kuma a kan tudu yake, sama da mita 2,300, sanyinsa na dare ba irin namu ba ne. Na ga wani dattijo daga wajen Mirya a zaune a kan kujerar ƙarfe da ƙyalle biyu, haƙoransa suna haɗuwa, awa huɗu kafin a kira jirgi. Inna ta ciro bargon da ta ƙi rabuwa da shi tun daga gida ta ce in kai masa. Na ce, "Baba, ga shi, ka lulluɓa kafaɗa, kanka dai a bar shi a buɗe in ka riga ka yi niyya." Ya karɓa da hannu biyu. Darasin da na ɗauka: harami a jakar hannu, kada a sa shi a kayan da za a auna, kada kuma a ɗaura da wuri in zaman jira mai tsawo ne.

Mafi sauƙi ga tsoho shi ne tikitin da zai sauke shi Madina. Daga Kano kilomita wajen 3,550 ne, ƙarin 150 kawai a kan Jidda. Ya sauka da kayan jikinsa, ya huta, ya yi ziyara, sa'annan ya ɗaura harami a Zul Hulaifa da ƙafarsa a ƙasa. Tsakanin Madina da Makka kilomita wajen 450 ne, jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana yin ta cikin ƙasa da awa uku. A dawo ta Jidda. In ajans ɗinka na iya haɗa maka haka, shiga ta Madina fita ta Jidda, ka karɓa ko daga wane gari za ka tashi.

Kaya kuma, ko a Kano ko a Yamai, kada ka karɓi saƙon kowa, ko na wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Ka ƙirga takardun shaidar kaya da aka manna a tikitinka, su yi daidai da jakunkunan da ka auna. Daga ƙarshen 2018 wata ɗaliba da ta tashi daga Kano ta yi wata huɗu a tsare a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai da bincike ya wanke ta. Goro ma a bar shi gida, maganin asibiti kuma a tafi da takardar likita.

Dawowa ita ce mutane ke mantawa. Ka gaji, wataƙila da tarin Makka a ƙirji, ga jaka biyu sun cika da dabino da jallabiya da carbi na tsaraba, ga jarkar zamzam ta lita 5. Ta Yamai, duwan ɗaya, wato kwastan, za ka gani a filin jirgi, daga nan kayanka su shiga cikin kar har Damagaram, sai dai awa goma sha huɗun nan tana jiranka. Ta Kano, kwastan na filin jirgi, shingayen hanya, sa'annan duwan namu a iyaka, kowanne da ikon ya ce a buɗe. Amma in ka sauka da safe, magariba a gida za ta same ka. Ni da na dawo ta nan, yara suna cin tuwon dare na yi sallama.

Ga inda na tsaya. Namiji ko mace mai ƙarfi a jika, wanda ya san Kano, fasfonsa da bizarsa tsaf, iyaka a buɗe, ya kuma samu jirgi kai tsaye zuwa Jidda ko Madina, ya bi Kano, ba na ko shakka. Zai rage kilomita fiye da dubu a kowace fuska, ya rage kwana biyu ko uku, sau da yawa ya rage kuɗi. Wanda bai taɓa fita ba, ko ba ya karatun boko, ko mace mai tafiya cikin ayari, ya bi rukunin ajans ɗinsa ta Yamai, don jagoran da zai riƙe masa takardu ya nuna masa ƙofar jirgi a Adis Ababa ya fi masa kilomita dubu amfani. Tsoho da mai ciwon suga ko hawan jini, in da hali, jirgin cikin gida zuwa Yamai, kwana guda na hutu, sa'annan jirgin da zamansa na canji bai wuce awa uku ko huɗu ba. In halin bai kai nan ba, a ɗauki shatar mota guda zuwa Kano, shi da mai rakiyarsa su kaɗai, a tashi da sassafe, a kwana biyu a can kafin ranar jirgi. Ta Kasabalanka kuwa ban ba kowa shawara ba, sai wanda ke da wata buƙata a Maroko.

Makon jiya wani maƙwabcina ya zo da takardu biyu daga ajans biyu, yana son kai mahaifinsa mai shekara 78. Ta Yamai da zaman awa tara a Istambul, ta Kano kai tsaye zuwa Madina, kuɗin kusan ɗaya. Na tambaye shi ko Baba na iya zaman mota awa shida in an tsaya masa sau biyu, ya ce yana iyawa. Na ce to ya je tasha ya nemi direban da ya saba da hanyar Daura, su yi cinikin shata, gobe kuma ya kai tsohon a yi masa allurar sanƙarau, don kwana goma sha biyu suka rage.